Ni da Na Girma Ina Wanke Allo

Na shiga ɗakin koyon gyaran kayan tarihi na wata jami'a a Italiya ina ganin aikin bai wuce mayar da tsoho sabo ba. Mako uku ko buroshi ba a miƙo mini ba. Sai kallo, sai ɗaukar hoto, sai rubuta inda takarda ta yage da inda ƙwaro ya ci.

Ranar da malamarmu ta ɗora wani ɓallen shafi mai rubutun Larabci a kan teburin haske, wato tebur mai fitila ta ƙarƙashi, sai ga tambarin jinjirin wata guda 3 a cikin jikin takardar. Gabana ya faɗi. Irinta ce a gafakar kakana. Ashe a arewacin Italiya aka riƙa yin ta, masana'antar Galvani da ke Pordenone na cikin waɗanda suka shahara da ita a ƙarni na 19, fatake su keto Sahara da ita har Kano da Borno.

Wannan sanayyar ce ta kai ni ta baro. Na ga tabo a gefen shafin, na jiƙa auduga na goga ba tare da na gwada a ɗan lungu ba. Nan take wasali biyu suka narke. Tawadar gawayi da ƙaro ce, wadda kowane ɗan makarantar allo ya san ruwa na tafiya da ita. Ni da na yi shekaru ina wanke allo!

Malamar ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi da ya fi mini sauƙi. Cewa ta yi in rubuta ɓarnar a rahoto, in sa sunana da kwanan wata, kuma kada in kuskura in maido da wasulan da alƙalamina.

Daga nan na gane dalilin da ya sa masu gyara suke liƙe yagewa da siririyar takardar Japan da kokon sitacin alkama: wanda zai zo bayanka zai iya cirewa da ɗan danshi. Salatif kuwa sai ya yi ja, ƙaronsa ya nutse cikin takarda, ya bar tabon da ba ya fita duka.

Da na dawo gida hutu na buɗe gafakar nan. Shafi 11 na ƙirga masu salatif. Ni na manna su ina aji uku na sakandare, har kakana ya sa mini albarka.