Siririyar wayar da ta koya mini aiki a Suame

A shekarata ta uku ta koyon gyaran mota a Suame Magazine da ke Kumasi, wani matashi daga Aboabo ya kawo mana Toyota Corolla wadda ya cire wa akwatin tace iska na asali, ya ɗaura mata faffaɗan bututun ƙarfe da matata mai siffar mazurari, domin an ce masa hakan zai ƙara wa injin ƙarfi. Rugugin kam ya ƙaru, amma motar tana karkarwa idan tana tsaye, tana sarƙewa idan an taka totur, ga fitilar gargaɗi a kunne.

Na yi gaggawa na canza filogi, na kuma fara zargin famfon mai. Maigidana ya jona na'urar bincike, ta nuna lambar P0171, wato iska ta rinjayi mai a cikin injin. Sai ya kwance ƙusoshi biyu, ya zaro sansar auna iska, ya ɗaga ta ga hasken rana, ya ce, "Yaro, zo ka duba da idonka." A cikinta akwai wata waya mai sirantar gashi, kuma maiƙo da jar ƙura sun lulluɓe ta. Na ce, "Maigida, wannan 'yar wayar ce ta hana mota tafiya?" Ya ce ita ce.

Lantarki ne ke ɗumama wayar, iskar da ke wucewa tana sanyaya ta, kuma daga yawan wutar da ake buƙata don riƙe zafinta kwamfutar motar ke gane nauyin iskar da ta shiga, ta auna mai daidai, kusan kashi 14.7 na iska ga kashi 1 na fetur. Matatar da matashin ya saya irin wadda ake shafa wa mai ce, an kuma cika mata shi, sai man ya tsallake ya manne wa wayar, ta daina jin iska sosai. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne bututun kansa: an tsara sansar ne a kan faɗin bututun asali, saboda haka idan aka faɗaɗa shi iska takan wuce a hankali, sansar ta ba da lissafin da ya gaza gaskiya, mai ya yi ƙaranci. Ga shi kuma matatar a buɗe take kusa da injin, tana zuƙar iska mai zafi, wadda ba ta kai iska mai sanyi nauyi ba.

Ban ƙi gyare-gyaren ƙarin ƙarfi ba, amma a ganina duk wanda zai canza bututu wajibi ne ya riƙe faɗin gurbin sansar, ko a sake daidaita kwamfutar. Mun fesa wa wayar maganin da aka yi dominta kaɗai, ba tare da an taɓa ta ko an sa mata fetur ba, muka nemo akwatin asali wajen masu kayan gyara, karkarwar ta tsaya. Bayan hunturu matashin ya dawo canza matata. Takardar matatar ta yi jawur da ƙura, wayar kuwa tana nan fes.