Shafin zaɓen faifai: filashin girkawa ya daina shiga jerin gogewa

'Yan uwa masu haɗa manhajar girka Linux, yau kam alhamdu lillahi. Faifan da aka tayar da kwamfuta da shi ya daina shiga sahun waɗanda za a iya gogewa. Dare uku abin nan ya ci.

Kuskuren farko shi ne dogaro da /sys/block/sdb/removable, fayil ɗin da Linux ke nuna ko faifai na cirewa ne (1) ko a'a (0). Filashi yana nuna 1, sai a ɓoye shi, shi ke nan a zato. Ashe SSD na waje da aka jona ta USB yawanci 0 yake nunawa, sai ga shi zaune cikin jeri kamar na ciki. Gwaji ɗaya ya goge hoton girkawar, wato kwafin tsarin da ake girkawa daga shi, baki ɗaya. Ɓoye duk abin da TRAN ɗinsa (wato hanyar da aka jona shi) usb ne ma ba mafita ba ce, don akwai mai son girkawa a kan faifan waje da gangan.

Tambayar da ta dace: wane faifai ne ke ɗauke da hoton da ke gudana yanzu? A Debian, findmnt -no SOURCE /run/live/medium zai ba ku ɓangaren faifan, sdb1, lsblk -no PKNAME kuma ya kai ku ga uwarsa, sdb. Sai Ventoy, manhajar da ke ba da damar tayar da kwamfuta daga hotuna da yawa a filashi ɗaya, ya zo ya ɓata lissafi. A can tushen /dev/mapper/ventoy ne, hawa ɗaya ɓangare kawai zai kai ku. Da lsblk -s ake bin tsanin har a iske layin da TYPE ɗinsa disk ne. Wannan ne ya yi aiki. Kuma ban ɓoye faifan ba, na dusashe shi ne da rubutun "daga nan aka tayar", domin wanda bai ga faifansa ba zai ɗauka ya lalace.

Sauran ba wuya: a tace abubuwan da ba a girkawa a kansu, wato loop, zram, sr0, mmcblk0boot0 da mmcblk0boot1, da ramin kati mara kati mai girman sifili.

A kowane layin jerin samfurin faifan ne a gaba, sai girma, sai abin da ke ciki, sunan da Linux ya ba shi kuwa, kamar sda, can ƙarshe da ƙaramin rubutu, tunda yakan sauya daga kunnawa zuwa kunnawa. Zaɓin kansa da /dev/disk/by-id ake riƙe shi, inda sunan ba ya sauyawa haka. Girma kuma yadda yake a kwali: mai 500 GB in ya ga 465.8 GiB zai rantse ba nasa ba ne. Ku kula, fayil ɗin size a sysfs (wato ƙarƙashin /sys) da 512 ake ninka shi kullum, ko da sektar faifan 4096 ce. Tagwayen faifai sai da wutsiyar lambar siriyal ake rabe su.

Abin da ya rage: kwamfutar da Intel RST, wani yanayin sarrafa faifai a saitin BIOS, ya ɓoye mata faifan NVMe na ciki, jeri fayau. Saƙon "a koma AHCI", wato yanayin da aka saba, nake rubutawa, da gargaɗin cewa Windows ɗin da ke ciki na iya ƙin tashi bayan sauyin.