Fadar da Ba Ta da Bango a Thetford

Da abokina ya ce mu je Thetford in ga tsohuwar fadar yaƙi, na ɗauka ginin dutse zan tarar, mai ƙofa da soro. Muka hau jirgin ƙasa daga Cambridge, ba a yi awa guda ba muka sauka, ana ɗan yayyafi. Muka ratsa cikin gari a ƙafa har gefensa na gabas. Sai ga wani tudu kore shar a gabanmu, kamar an kife ƙatuwar ƙwarya.

Na ce, "Malam, ina fadar?" Ya yi dariya ya ce, "Ai ita kake kallo."

Tudun nan ba halitta ba ne, hannun mutum ne ya tara shi. Bayan Normandawa sun ƙetaro daga Faransa sun ci Ingila a 1066, haka suka riƙa yi: a haƙa gwalalo, a tula ƙasar a tsakiya, a kafa hasumiyar katako a bisa. Na Thetford ya kusa mita 20 a tsaye, yana cikin mafi girma a ƙasar. A 1173 Sarki Henry na Biyu ya sa aka rushe fadar, a zamanin da gidan Bigod, masu riƙe da yankin, suka shiga yi masa tawaye. Ƙasar kuwa ba wanda ya iya kwashe ta.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ganuwar da ke gefe. Ta girmi tudun da fiye da shekara 1,000. Mutanen da suka riga Rumawa zama a nan ne suka tayar da ita, Normandawa suka tarar da aiki a gama, suka ɗora nasu. Na tsaya cikin gwalalon, ganuwa ta tsere mini kai, sai badalar Kano ta faɗo mini, wadda aka fara tun zamanin Sarki Gijimasu, kusan sa'ar tudun nan.

Hawan bai zo da sauƙi ba, sau biyu ina tsayawa ina haki. Inda ciyawa ta zaizaye, farin alli ne ke leƙowa, mai santsi in ya jiƙa. Ni da ba na ɗauke da komai sai waya, na tuna waɗanda suka hau da shi kwando-kwando, ba kuma da son ransu ba.

A sama babu komai, sai iska da rufin gidajen gari, da wata tsohuwa can ƙasa tana jan karenta. Har muka koma jirgi allin yana manne da takalmina.