Kishiyoyi biyu cikin tukunyar fure ɗaya

Pepiniyar tawa, wato lambun renon furanni da itatuwa, tana bakin kogi a Yantala, nan Yamai. A hannun kawuna na tashi, ina jidar ruwa da arozuwar biyu, butocin ban ruwa, tun kafin rana ta fito. Shi ya koya mini yi wa itace aure, da yanka reshen bugenbiliye yadda zai kama. Abin da ke ƙona masa rai shi ne ƴan dashe: jiya lafiya lau, yau da safe sun ruɓe a gindi sun kwanta. Sai ya damƙi ƙasar ya shinshina ya ce, "Ɗana, wannan ta gaji." Allah ya jiƙansa. Sai daga baya na san sunan masu ɓarnar, wasu irin fumfuna ne na cikin ƙasa, Pythium da Fusarium.

Da fumfuna nake yaƙarsu yanzu. Trichoderma takan zauna jikin saiwa, ta riga mai ɓarnar cin abinci, ta nannaɗe shi ta narkar da shi. Metarhizium kuwa ƙwaro take nema, irin ƙananan ƙwarin nan masu tsotse fure su sauka ƙasa su rikiɗa. Takan huda fatarsa ta cinye shi daga ciki, bayan ƴan kwanaki ka ga gawar ta yi kore shar. Ba baƙuwa ba ce a Nijar: irin da aka yi maganin fara na Green Muscle da shi, ƙarƙashin shirin yaƙi da fara na LUBILOSA da aka soma a 1989, jikin wata fara aka samo shi a ƙasarmu. Waccan dai fara kaɗai take kamawa, ta lambu ƴar uwarta ce.

Sai dai su biyun kishiyoyi ne. Na zuba su tare cikin kwalbar dafaffiyar shinkafa na rufe, kafin mako Trichoderma ta mamaye ko'ina, domin ta fi saurin yaɗuwa, kuma ba ta tambayar wane ne aboki kafin ta ci. Shi ya sa ba na haɗa su bokiti ɗaya. Trichoderma takan shiga cikin taki da buntun shinkafa tun ranar cika leda. Ɗayar sai dashe ya tsaya da ƙafarsa, in zuba ta a saman ƙasa da yamma, bayan ban ruwa, don hasken rana na kashe ta. Maganin kanti na kashe fumfuna kuwa ba ya shigo mini lambu, ba ya bambance mugu da nagari.

Matsalata masu kawo mini garin fumfunan nan. Abu mai rai, mutum ya jibge shi a shagon kwano cikin watan Afrilu, zafi ya haura digiri 40, sannan ya miƙo maka gari matacce a kan cikakken kuɗi! Wani ya taɓa yi mini haka, na yi asarar layin ikzora guda. Tun ranar kowane ƙunshi sai ya bi ta kwalbar shinkafa; in bai yi kore ba, ya koma inda ya fito.

Ga masu ciniki kuma. Hajiya za ta ɗaga kariya mai kaurin gindi ta ce, "Malam, a bakin titi rabin wannan kuɗin ne." Nakan zare ɗaya daga leda in nuna mata saiwa fara sol, cike da gashi. "Ranki ya daɗe, ki ce su zare tasu ki gani." Waɗancan feshi suke yi ganye ya yi ƙyalli na kwana biyu, gindin kuwa tuni ya soma ruɓewa.

Akwai kariya, ibiskus da rozi a yanzu, masu otel da ma'aikatu kuma muna zuwa mu dasa musu har gida. Mai so ya zo da safe ko bayan la'asar, tsakar rana ba na bari a ɗaga tukunya daga inuwa.