Zoben bakin kofin Faraday

Ƙannena da za ku gaji teburin awon musayar caji, aikin kun san shi: a harba iyon na argon ta cikin akwatin gas, wasu su fizgi elektron daga atam su rasa cajinsu, a auna ragowar a kofin Faraday, wato kofin ƙarfe da ke tara iyon mita ta auna cajinsu, a fitar da sigma, ma'aunin yiwuwar musayar cajin. Maganata a kan zoben da ke bakin kofin ce.

Duk iyon da ya doki ƙarfe yana iya fitar da elektron, galibi masu ƙarfin da bai kai elektron-bolt (eV) 50 ba. In suka fice daga kofin, mita ba ta bambance fitar elektron da shigar iyon, duka ƙari take gani. Shi ya sa ake ba zoben bolt 100 zuwa 300 na nagatif, ya mayar da su ciki. Shugabanmu ya kwashe injin da ke ba zoben wuta ya kai wani aiki. Hujjarsa ita ce tunda raba awon da gas ake yi da awon da babu gas, kuskuren zai cinye kansa. Rabin gaskiya ce, kuma ita ta fi ƙarya ɓarna.

Ga inda hujjar ta karye. Iyon da ya karɓi elektron bai rasa gudunsa ba, miƙewa yake yi ya doki kofin a matsayin atam marar caji, shi ma ya fitar da nasa elektron. Kofin zai ƙirga abin da ya kamata a ce ya ɓace. A ce gamma, wato adadin elektron a kowane duka, 0,5 ne ga iyon da atam duka: sigma zai fito da ragin kashi ɗaya cikin uku. Layin jadawalin awon kuma zai miƙe sumul, babu abin da zai ba ka tsoro. Da lambobin suka saɓa wa na littafi, ɗalibi aka ce bai iya karanta mita ba, kuma har yau ba a janye maganar ba. Laifin babba rowa, in ji masu magana, amma wannan ya wuce rowar inji.

Gwajin minti goma ne. A ɗaga wutar zoben daga sifiri da bolt 20-20, a rubuta abin da mita ta nuna. Zai yi ta sauka har ya tsaya cak, a ɗan wuce nan a yi aiki. Wanda ya fi haka, a sa faranti biyu bayan akwatin gas su karkatar da iyon zuwa kofin gefe, marasa caji su wuce abinsu. Kada kuma a ɗauka gamma na atam daidai yake da na iyon. A ƙaramin gudu iyon yana fitar da elektron da ƙarfin da ke ajiye cikin cajinsa, matuƙar ya ninka abin da ƙarfen ke buƙata don sakin elektron sau biyu, kamar yadda masanin fiziks Hagstrum ya auna a Amurka a shekarun 1950. Atam marar caji ba shi da wannan.

Sauran gajeru ne. Ma'aunin matsi mai filaman da naitrojen aka saita shi, a argon yana ƙara wajen kashi 30 cikin ɗari, a hiliyom yana nuna ƙasa da kashi ɗaya cikin biyar na gaskiya. A nemi ma'aunin matsi mai tantani, wanda awonsa bai dogara da irin gas ba. Kada raguwar iyon ta wuce kashi 10 cikin ɗari, in ba haka ba wasu sun yi karo biyu. A matsin 0,000001 tor (matsin iskar waje tor 760 ne), daƙiƙa ɗaya ta isa gas ya lulluɓe ƙarfen da aka goge, gamma ya canza. Lissafin yawan gas kuma da zafin ɗaki na gaskiya ake yinsa: a bazarar Damagaram, in wuta ta ɗauke ɗaki ya kai digiri 40 kai kuwa ka rubuta 20, ka ci bashin kusan kashi 7 cikin ɗari. Lokacin hunturu a rufe duk bakin bututu da aka kwance, ƙwayar ƙura ɗaya a kan roba ta isa iska ta yi ta yoyo.

Duk umarnin da aka ba ku na cire wani abu daga na'ura, ku rubuta shi a littafin ɗaki da kwanan wata da sunan wanda ya ce, da biro.