Gudu kyauta ne, lambar ƙirji ce da tsada

Na shiga gudun fanfalaki ne don ba ya neman komai a wurin mutum sai takalmi da tashin asuba. Haka abin ya tafi mini har 2023, shekarar da aka cire tallafin mai aka kuma saki naira. Wani ƙaramin tsere na kilomita 10 da na saba shiga a garinmu ya ninka kuɗin rajistarsa, ga shi hanyar ba ta ƙaru da taku ɗaya ba.

Na yi ta mita, har wani daga cikin masu shirya tseren ya ce in zo in taya su aiki a wani karo. Na je. Tun ƙarfe huɗu na dare muke sauke katon-katon na ruwan gora, muna jera tebura a bakin titi. A nan na ga inda kuɗin ke shiga: hayar motar ɗaukar marasa lafiya, dizal na janareta, sallamar masu tare hanya, riguna, da kuma 'yar na'urar nan da ake mannawa a bayan lambar ƙirji don ɗaukar lokacin mai gudu. Ita wannan daga waje ake shigo da ita, dala take bi. Ban daina ganin tsadar ba, amma na daina cewa duk cuta ce.

Na ƙasashen waje kuwa, kasuwa ce kawai. Sama da mutum miliyan ɗaya ne suka nemi gurbi a tseren Landan na 2026, alhali waɗanda suka kammala na 2025 ba su kai 60,000 ba. Mai kayan da ake wa irin wannan rububi ba zai rage farashi ba. Rajistar tseren New York ta haura dala 300. A farkon 2023, lokacin da dala take wajen naira 460 a farashin gwamnati, kusan naira 140,000 ke nan. Da ta wuce 1,500 a 2024, lissafin ya koma 450,000, ba a zo maganar biza da jirgi ba. Na ajiye wannan buri, ban kuma yi rashin barci ba.

Yanzu babban tsere ɗaya nake sa wa ido a shekara, na Legas da ake yi tun 2016, galibi a watan Fabrairu. A shekarun baya ana tashi ne daga filin wasa na Surulere, a hau gadar Third Mainland gari bai gama wayewa ba, iska na kaɗowa daga ruwa, a ƙare a Eko Atlantic. Ga ɗan Arewa, kuɗin mota da masauki su ne ainihin kuɗin shiga. Shi ya sa muke yin karo-karo tun kaka, mu kama ɗaki ɗaya, mu tafi da dabino da ƙuli-ƙulinmu. Sauran tseren kuwa ina yin rajista da wuri, kafin a ƙara kuɗi, kuma ina tambaya: an auna hanyar da kyau? Akwai ruwa a kan hanya, akwai likita? In riga da lambar wuya kawai ake sayar mini, a kai kasuwa. Rigunan sun cika mini akwati, ƙannena ne ke buga ƙwallo da su.

Wanda abin ya fi ci ba ni ba ne, ni mai albashi da ke gudu don lafiya. Yaran Filato ne, irin na Pankshin, waɗanda ke gudu don kuɗin kyauta, su ne kuma ke yawan zuwa gaba a cikin 'yan Najeriya. Na taɓa zama kusa da ɗayansu a mota, takalminsa ya sha ɗinki, rance ya ci ya taho. A ƙungiyarmu mun tsayar cewa duk mai hali, in zai yi rajista, ya biya wa yaro ɗaya, kuɗin mota kuma a raba.