Kan Sarki a Ƙasar da Ba Ta da Sarki

Ruwan sama ne ya kora mu cikin gidan tarihin gidan waya na Washinton. Mun sauko daga jirgin ƙasa a tashar Union bayan tafiyar awa uku da rabi daga Niyok, ni da ɗan yayata da ke karatu a can, niyyarmu mu taka har ginin Majalisar Dokokin Amurka. Sai sama ta tsuge. Ya ce, "Kawu, tsallaka titi kawai za mu yi, kuma shiga kyauta ce." Jin kyauta na bi shi.

Ginin tsohon babban gidan waya ne na birnin, an mai da shi gidan tarihi a 1993. A ɗakin kan sarki akwai allunan gilashi da ake jawowa daga jikin bango, ka duba gaba da baya, ka mayar. Na farko da na tsaya a kai su ne na 1847: Benjamin Franklin a santi 5, George Washington a santi 10. Dariya ta kama ni. Mu da muka raɗa wa abin suna kan sarki saboda kan Sarkin Ingila da ke jikinsa zamanin Turawa, ga shi waɗanda suka yi wa Sarkin Ingila tawaye sun ɗora kawunan nasu manyan.

Yaron ya ja ni wajen kan sarkin 1918 na santi 24, wanda aka buga hoton jirgin saman jikinsa a kife bisa kuskure, guda 100 kacal suka fita. Nan jama'a suka yi cincirindo. Na leƙa na wuce.

Abin da ya riƙe ni daban ne. Na yi ta jawo allo ina neman baƙar fuska. Ga Kolumbus har kala 16 a 1893, ga shugabanni, ga janar-janar, ga jiragen ruwa. An haramta bauta a 1865, amma sai 1940 baƙar fata ya hau kan sarkin Amurka, wato Booker T. Washington, malamin da aka haifa cikin bauta. Shekara 93 ke nan da fara bugawa. Harriet Tubman, baiwar da ta tsere ta riƙa komawa Kudu tana fito da 'yan'uwanta, sai 1978 aka tuna da ita. Martin Luther King ya biyo baya a 1979.

Na Malcolm X, ɗan gwagwarmayar 'yancin baƙar fata, na fi daɗewa a kai. Santi 33, shekarar 1999, ya tallafe gefen fuska da hannu, kuma an rubuta sunansa na Musulunci, El-Hajj Malik El-Shabazz. Mutumin da jami'an tsaron ƙasar suka yi shekaru suna bibiya, sai ga shi a 1999 gwamnati ce ke sayar da hotonsa a manna a ambulan. Na ce wa yaron, ka san ya zo Ibadan a 1964, shekarar da ya yi aikin Hajji? Bai sani ba. Shi kuma ya rama da na Sallah, shuɗi mai rubutun Larabci ruwan zinariya, wanda ya fito 1 ga Satumba 2001, kwana goma kafin harin Niyok.

Akwai wani tebur da aka zube tsofaffin kan sarki masu hatimi, baƙo ya zaɓi 'yan kaɗan ya tafi da su. Na zauna cikin yara ina tono da tabarau a hanci. Tubman nake nema, ban samu ba. Tuta na yi ta cin karo da ita. Da muka fito ruwa ya ɗauke, amma la'asar ta yi, Majalisa sai gobe.